Wata Biyar Cikin Shekara Dubu

A tashar Achida anka fara faɗinta, kafin la'asar ta kai Wurno, da ranar kasuwa ta kewayo kuwa Goronyo duk ta ɗauka. Wai Kiristocin duniya sun taru sun damƙa wa Halliru ranar tashin ƙiyama ya aje masu. Wai ranar tana cikin rudunsa, rumbun karan da yake aje albasa, kullum da safe yana shiga ya ƙirga, ran da albasar ƙarshe ta ruɓe sai a busa ƙaho. Wata tsohuwa daga Kwargaba har toka ta aiko masa a ƙulle ya barbaɗa, ko duniya ta ƙara kwana biyu ta ga haihuwar saniyarta.

To, ƙarya ce, kuma na fi kowa sani, don rabinta daga bakina ta fito. Halliru taubashina ne, ɗan goggona, bawana tun ran gini tun ran zane. Sallarsa biyar cif, kuma ko ranar sunan ɗiyansa sai an tuna masa, balle ranar ƙiyama. Abu biyu kaɗai ne gaskiya cikin zancen: akwai albasa, akwai ƙirga.

A Tursa anka haife shi, dogo siriri kamar lawashi, in iska ta kaɗa sai ka riƙe shi. Tun yana ƙarami magana take masa tsada. Malaminmu na firamare ya yi shekara biyu yana zaton kurma ne, sai ran da akuya ta shiga shukar makaranta anka ji muryarsa har Rabah. Aji huɗu munka tsaya ni da shi, ni don boko ya ji tsorona, shi don ƙasa tana kiransa. Yana saurayi ya tafi Goronyo ƙwadagon rani, can ya haɗu da Baba Irmiya.

Baba Irmiya mutumin Zuru ne, Kirista, kanikancin injin ruwa ya kawo shi wajen dam. Da ya aje aiki bai koma gida ba, ya sayi wata 'yar garka, lambun rani, bayan tudu, inda gulbi ya yi gwiwa, nesa da garkar kowa. Mutane sunka yi ta dariya, wai ya sayi wurin hira da aljanu. Ashe tsohon ya san abin da yake yi. Iri yake son fiddawa, irin albasa kuwa ba ya son maƙwabta. In furenka yana kusa da furen wani, ƙudan zuma su ɗauko na can su kai nan, baɗi ka shuka abin da ba ka san ubansa ba.

Shekara ashirin da shida sunka yi tare. Kowace shekara in an tona albasa su zauna su zaɓi uwaye, masu ƙaramin wuya da tauri da jan baya, su jera cikin rudu har damina ta wuce. Sanyi na farawa su yanke masu kai su binne, wata biyar su fidda fure, su ba da iri. A haka a haka har sunka samu albasar da ke kai watan takwas a aje ba ta yi ruwa ba. 'Yan kasuwa sunka sa mata suna 'Yar Irmiya. Na taɓa jefa ɗaya ga bangon maƙwabcina Alhaji Lawwali, bangon ne ya tsage. In lokacin salla ya yi Baba Irmiya ke cewa, “Halliru, aje fartanya, an yi kira.” Ran Lahadi kuma Halliru ke tsare garka har tsohon ya dawo daga coci. Ko sau ɗaya zancen addini bai taɓa shiga tsakaninsu ba, don duk bakinsu bai wuce na albasa ba.

Sai abubuwa sunka zo a jere. 'Yan bindiga sunka hana noma wajen Tursa, gonar gadon Halliru ta zama wurin da sai dai ya nuna da baki daga nesa, ya kwaso matarsa Zinariya da ɗiya ya dawo Goronyo gidan haya. Bara kuma shanu sunka faɗa garka sunka cinye furen iri kaf. Irin da ke cikin gora na shekarar da ta gabata, da anka gwada shi cikin jiƙaƙƙen tsumma ko ƙwara bai tsiro ba, don irin albasa ba ya son kwana biyu. Tsakiyar damina Baba Irmiya ya kwanta. Kafin ya cika ya ce wa Halliru, “Garka ta yara ce, ba ni da ta cewa. Iri naka ne.”

Abin da ya rage na 'Yar Irmiya a duniya ke nan: uwaye ɗari biyu da arba'in cikin rudu. In an binne su farkon sanyi, an tsira. In sanyi ya wuce, ko an binne ba su yin fure, shekara ashirin da shida sun tafi.

Halliru bai ga wata matsala ba. Da damina ta ɗauke ya saɓa fartanya ya nufi garka, sai ya ishe an ja ƙaya an toshe ƙofa. Ya juyo ya tafi wajen Inna Talatu, matar marigayin. Ta ce dattijan dangi ne daga Zuru sunka yanke cewa kada a sa fartanya a wurin sai 'ya'yan biyu sun shirya, don Filibus yana son a sayar, Rifkatu tana son a yi gini.

“Inna, mi ya haɗa su?”

“Shekara dubu.”

Ya ɗauka kuɗi take nufi. Ta ce a'a, shekara, ta kwana da wata. Ta ce can wajen ƙarshen littafinsu an faɗi cewa za a ɗaure Shaiɗan shekara dubu, Almasihu ya yi mulki. Duk sun yarda da wannan. Yaushe ne, kuma ta yaya, nan ne gidan ya rabu.

Mu nan, in faɗi gaskiya, mun ɗauka Kirista duk ɗaya ne kamar buhun gishiri, ko'ina ka lasa ɗanɗano guda. Halliru ya dawo gida yana ta juya kai, ya ce wa Zinariya, “Ashe su ma suna da ƙabalu da sadalu.”

Ya fara da babban. Filibus yana Kaduna, ya kira shi a waya, ya tsaya ƙarƙashin icen bedi inda sabis ke kamawa.

“Yaya Halliru,” in ji Filibus, “ba ka ganin alamu? Kai kanka ina gonarka? Ruwa ya ci gari, bindiga ta ci ƙauye. Yesu yana bakin ƙofa. Zai zo ba zato ya fyauce masu bi, sai a yi shekara bakwai na tsananin da ba a taɓa gani ba, sannan ya sauko ya yi mulkinsa na shekara dubu a nan ƙasa. Me zan yi da garka? A sayar in sayi babur da lasifika in shiga ƙauyuka kafin a rufe ƙofa.”

“To, ai ni ba garkar nike so ba. Wata biyar nike so. Tsakanin yanzu da hyaucewag ga, babu wata biyar?”

“Ba wanda ya san sa'ar. Yana iya zama kafin mu ajiye wayar nan.”

Halliru ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya dubi wayar. Katinsa ne ya fara ƙarewa.

Da ya ji Rifkatu ba ta yarda da haka ba sai ransa ya yi sanyi. Ya hau mota har Sakkwato inda take aikin jinya, ya jira ta bakin ƙofa har ta tashi. Ta yi murna da ganinsa, don shi ya goya ta tana ƙarama, ta saya masa lemo.

“Rabu da Filibus, Yaya,” ta ce. “Wane baƙo na kirki za ya zo ya ishe gida ba shara? Shekara dubun salama ita za ta hwara zuwa. Bishara ta game duniya, a bar kashe-kashe, mata su bar mutuwa wurin haihuwa, sannan Yesu ya dawo daga ƙarshe. Kuma ba daga sama za ta hwaɗo ba, mu za mu gina ta da hannunmu. Ɗakin haihuwa nike son yi a garkar Baba.”

“Alhamdu lillahi! Ke da ke da shekara dubu a hannu, ranta mani wata biyar.”

“Ai ba ta hwara ba tukuna, Yaya. Sai an aza bulo.”

Ya dawo wajen Inna Talatu, ko ita tana da nata lissafin mai ɗan sarari. Ya ishe ta tana tsince wake. Ta ce su duka yara ne. Shekara dubun nan ba ta ƙirgar yatsa ba ce, adadi ne na cika, kamar ka ce na gode sau dubu. A faɗarta, muna cikinta tun ranar da Almasihu ya tashi, yana mulkinsa a sama da cikin zukatan masu bi, wata rana ya dawo sau ɗaya tak a yi hukunci a gama.

“Inna, kina nuhin yanzu haka Shaiɗan ɗaure shike?”

“Ɗaure shike.”

“To wa ya kore mu daga Tursa?”

“Ɗaurin akuya na, ɗana. Igiyar tana da tsawo.”

Ita dai tana son a shuka kamar kullum, amma ta ce ba ta ƙetare maganar dattijai, kuma ba ta zaɓen ɗa cikin ɗiyanta. Ya yi haƙuri, in ji ta, ai Allah ba ya ƙirga wata. Halliru ya so ya ce albasa tana ƙirgawa, ya haɗiye.

Don kuwa tana ƙirgawa. Kullum da hantsi sai ya duƙa ya shiga rudu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsa wuyansu da babban yatsa. Wadda ta yi laushi ya fitar kafin ta shafa wa 'yar uwarta. Albasar da ta ji sanyi ta san lokacinta, sai ta fara turo kore tana cin jikinta. Ɗari biyu da sha ɗaya. Ɗari da tamanin. Na ce masa ya kawo ya binne a fangalin garkata, ya ce fangalina yana tsakiyar furen mutum goma, abin da zai fito ba na Baba ba ne. Zinariya ta ce to a rufe da gidan sauro. Ya ce in an hana ƙudan zuma shiga, wa zai ɗaura masu aure? Ya zagaya har bayan Wurno neman wuri mai ruwa wanda ba kowa kusa, ya tarar duk inda ba kowa, akwai dalilin da ya sa ba kowa. Na ce to ya janye ƙayar mana, wa zai gani? Ya dube ni kamar na ce ya ci kare. Shekara ashirin da shida, in ji shi, ko barkono bai taɓa tsinka a garkar nan ba da izini ba.

Nan ne ya yi babbar dabararsa. Ya ce a wurinmu in magada sun rikice, malami ake nema ya buɗe littafi ya yanke, kowa ya kama bakinsa. Sai ya sayi goro ƙwarya ƙarama, ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya sake hawa mota zuwa Sakkwato wajen wani tsohon fasto da anka ce ya fi kowa karatu. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya aje goro, ya ce fatawa ya zo nema: shekara dubu, kafin zuwan Annabi Isa take ko bayansa?

Faston ya yi dariya har ya cire tabarau, amma da ya ji labarin albasa sai ya daina. Ya ɗauko takarda ya ja layi uku. A na farko ya sa gicciye alamar zuwan a farkon layi, shekara dubu a bayansa. A na biyu ya juya su. A na uku ya ja shekara dubun tun daga farkon layi har ƙarshe. Ya ce kowane layi akwai manyan malamai masu tsoron Allah da sunka tsaya a kai sunka mutu a kai, kuma an doshi shekara dubu biyu ana wannan gardama.

“To Malam, kai wane kake bi?”

“Ni? Ina kan na farko da ina saurayi. Yanzu na tsufa, na bar wa mai abin.”

“Ba ka iya rubuta mani ko 'yar wasiƙa, cewa akwai wata biyar?”

“Malam Halliru, in na rubuta maka akwai gobe ma na yi ƙarya.”

Ya mayar masa da goronsa, ya ƙara masa kuɗin mota. Halliru ya dawo da takardar ya soke ta jikin karan rudu, yana dubawa ko akwai wata kafa tsakanin layukan da faston bai lura da ita ba. Mai kawo masa ruwa ya ga takarda mai layi da gicciye saman albasa, ya faɗa mani, ni kuma na ɗan sa mata gishiri na kai Achida.

Saura fata ɗaya, Kirsimeti, don yaran duka suna zuwa gida. An makara, amma sanyi bai tafi ba, in an binne a makon ana iya samun ko rabin fure. Uwaye sittin da uku sunka rage. Halliru ya zuba su a kwando ya ɗauka a kai har gidan Inna Talatu, ya aje tsakar gida inda suke zaune sun gama cin shinkafa. Kowace ta turo kore kamar tsawon yatsa, jikinta ya fara yamushewa.

Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a rana, ran nan ya yi magana. Ya ce shi bai san wanda ke da gaskiya cikinsu ba, kuma ba huruminsa ba ne. Ya ce in Filibus ne, to albasa ba ta hana kowa tashi sama, ba ta da ƙaya. In Rifkatu ce, mutanen shekara dubun nan ai za su yi miya. In kuwa Inna ce, to cikin mulkin ake, kuma cikin mulkin Baba ya yi ta shuka ba wanda ya hana shi. Fangali huɗu yake roƙo, can gefen gulbi, kafin damina ta sauka ya kwashe kayansa.

Rifkatu ta share hawaye. Filibus ya sunkuyar da kai, ya ɗauki ɗaya yana juyawa, ya ce ya tuna yadda Baba ke shinshina su. Halliru ya ji kamar an sauke masa dutse.

Sai Rifkatu ta ce, “Ka gani ko? Kai ma ka san akwai sauran lokaci.”

Filibus ya aje albasar. “Ban ce akwai lokaci ba.”

“In ka yarda a binne abin da sai wata biyar, ai ka yarda.”

“To ban yarda ba. Ni ba zan sa hannu a kan cewa Ubangiji zai jira furen albasa ba.”

“Ni ma in an shuka bana, baɗi Mama ta ce a sake, ginin sai yaushe?”

“Ku ji tsoron Allah, yau Kirsimeti,” in ji Inna Talatu.

Sunka ɗauko littattafai. Wannan ya buɗe nan, waccan ta buɗe can, ana jefa sura da aya kamar ana jifar kurciya. Kowane cikinsu yana tsakiyar magana sai ya juyo ya ce, “Yi haƙuri, Yaya, ba da kai muke ba.” Kuma da gaske ba da shi suke ba. Ya zauna bakin kwandonsa har inuwa ta juya, anka kira la'asar, ya tashi ya ɗauka ya fita. Ƙafar Inna Talatu kaɗai ya ji ta biyo shi zaure, ta tura masa ƙullin cincin cikin aljihu.

Bai daina shiga rudu ba. Arba'in. Ashirin da biyu. Kowace safiya yana bi ta bakin garka ya tsaya gaban ƙayar, ya leƙa ciyawar da ta rufe fangali, ya juyo. Filibus ya kawo mai saye, Rifkatu ta kore shi. Rifkatu ta kawo tifar yashi, Filibus ya hana a juye. Har yau da nake rubutun nan ba a sayar ba, ba a gina ba. Sanyi kuwa ya naɗe tabarmarsa, mutane sunka koma kwana waje.

Ran wata Talata na biya gidansa da azahar, don ni ban yarda in wuce gidan bawana ana tuƙa tuwo ba. Na ishe shi zaune jikin bango, ƙafafu miƙe, ba ya kallon kowa. Zinariya ta kawo tuwon dawa da wata miya ja wur, ƙamshinta har maƙwabta. Shi bai sa hannu ba, ni kuwa na sa har wuyan hannu. Na side kwano na ce a ƙaro, ta ce babu.

Da ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe. Na ce, “Ranka ya daɗe, Shehun malamin shekara dubu! Kai da ka yi karatu wajen mutum huɗu har da takardar shaida, hwaɗa muna mana. Wa ya ci gardama? Ƙarshen nan, gaba shike ko baya? In shirya ko in ƙara aure?”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya miƙa hannu ya jawo kwanon da na side, ya kifa shi ƙasa.

“Su can suna gardamar ranar da ba ta zo ba,” ya ce. “Tawa ta zo yau da hantsi: guda bakwai sunka rage, na ba Zinariya ta sa a miya. Kai kuwa ka cinye ta da tuwo, ko bisimilla ban ji ka yi ba, har kana neman ƙari.”